Jirgin da Elmer Kangas Ya Gyara

Ranar da Elmer Kangas ya ajiye tuƙin tirela bayan shekara talatin da ɗaya, garinmu ya yi sallama da shiru. Da can sau biyu a wata muke jin bakinsa, in ya dawo daga hanya. Yanzu kuwa kullum ne, tun daga buɗe shagon kofi har a share ƙasa. Ba abin da bai sani ba. Ya koya wa likita duba jini, ya koya wa Fasto wa'azi, kuma duk sun gode masa, don mu mutanen arewacin Minnesota ba ma ce wa mutum ya yi shirme. In ka ga mutum zai kunna wa gemunsa wuta, iyakarka ka gyara hula ka ce, "To, wannan ma wata dabara ce."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Elmer a rai, shi ne ranar tsinkar bulubari, wasu ƙananan 'ya'yan itacen daji masu zaƙi. Asabar ta farko a watan Agusta duk mai ƙafa a garin yakan shiga kwalekwale, a haye Tafkin Gari, a sauka a kifa jiragen a kafaɗa a bi siririyar hanya ta cikin daji zuwa Tafkin Sama, a sake hayewa zuwa tsibirin da 'ya'yan suke nuna. Wanda ya makara sai ya tarar da ganye. Duk shekarun nan Elmer yana kan hanya, matarsa Lorna kuwa a jirgin maƙwabcinsu Otto Niemi take zuwa. Shi Otton nan ya taɓa neman aurenta, kafin Elmer ya zo da surutunsa ya yi gaba da ita, kuma har yau bai yi aure ba. Da Elmer yana nesa abin bai dame shi ba. Da ya zauna gida ya sami lokacin tunani, sai kishi ya kama shi tuburan, yana da shekara sittin da shida.

"Bana matata ba ta shiga jirgin kowa sai nawa," in ji shi a shagon kofi, yana dukan tebur.

Otto ya ɗago daga kofinsa. "Kana da jirgi ne?"

"Zan saya."

"Ka taɓa tuƙawa?"

"Otto, mutumin da ya yi ribas da mota mai taya goma sha takwas a lungun Chicago, ƙanƙara tana zuba, shi kake tambaya ko zai iya tuƙa akushi? Abin da ba giya, ba birki?"

"Ai rashin birkin ne abin dubawa," in ji Otto, ya koma kan kofinsa.

Washegari Elmer ya dira a shagon Rita da ke bakin tafki, wadda ta gaji sayar da jirage daga ubanta. Ta tarbe shi da fara'a, don ba ta san abin da ya kawo shi ba tukuna.

"Mai koyo, Mista Kangas, jirgi mai faɗin gindi yake nema, wanda ba ya saurin kifewa," in ji ta. "Kuma kafin ka saya ka ɗaga shi tukuna. In ba ka iya ɗaukarsa, a tafki ɗaya zai tsufa."

"Wa ya ce miki ni mai koyo ne?"

"Sau nawa ka shiga?"

"Na sha wuce su a kan gada."

Idonsa ya faɗa kan wani ɗan siriri ja, rufaffe, mai rami guda a tsakiya. Rita ta ce wannan kayak ne, na mutum ɗaya, ba wurin Lorna a ciki. Elmer ya ce ya sani, so yake kawai ya gwada ingancinsa. Ya zura ƙafafu, ya zura cinyoyi, ya danna tumbi da hannu biyu har ya shige. Shiga dai ta yiwu. Fitowar ce sai da Rita ta kira masu sayayya biyu daga waje, ɗaya ya rungume jirgin, ɗaya ya rungume Elmer, aka yi ta ja har ya fito ba takalmi ɗaya, wandonsa a gwiwa.

"Ƙirar ba ta yi ba," in ji shi yana ɗaure bel. "An yi shi ne don mutanen da ba sa cin abinci."

Rita ta nuna masa wani kore mara nauyi, ta sa hannu ɗaya ta ɗaga gefensa. Elmer ya ce ba zai sa matarsa a cikin ɓawon gyaɗa ba. Ya zagaya bayan shago da kansa, can ya hango wani ƙaton jirgin katako da tamfol a cikin ciyawa, tsawonsa ya kai ɗaki biyu.

"Wannan na mafarauta ne," in ji Rita. "Da shi suke ɗauko nama daga daji. Mutum shida ke ɗaukarsa."

"Mutum shida na yanzu."

"Ka tambayi Lorna kuwa?"

"Lorna me ta sani a kan jirgi? Ita dai a ɗauke ta a kai ta."

Rita ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce ya zauna a benci ta auna shi daga mazauni zuwa hanci, don da haka ake zaɓen filafili. Elmer ya ce shi ba tela ya zo gani ba, ya miƙa hannu ya sauko da wani da aka rataye a bango don ado, wanda ya ɗara shi tsawo da kamu guda. A kan rigar ruwa mai hana nutsewa ne kawai Rita ta kafe, ta ce ba riga ba jirgi. Ya karɓi biyu yana gunaguni.

"Sawa ake yi, Mista Kangas," ta ɗaga murya yana fita. "Ba zama ake yi a kai ba."

Kwana tara gareji yana ƙara. Elmer ya ɗaura wa jirgin maduban tsohuwar tirelarsa hagu da dama. Ya ɗaura ƙahon motar a hanci, da batir ɗinsa. Sannan ya jawo kujerar falo mai hannu, wadda Lorna ke zama a kai tana saƙa, ya ce a tsakiyar jirgi za ta zauna, don matarsa ta gama wahala, bana ko filafili ba za ta taɓa ba. Sai dai kujerar ta ƙi zama. A daidai tsakiyar jirgin akwai wani lanƙwasasshen katako a gicciye, an fafe shi daidai wuyan mutum, ga kuma wasu sanduna biyu gaba da baya. Elmer ya ɗauko zarto.

Otto ya leƙo ta kan shinge. "Maƙwabci, itacen kafaɗar kake yankewa?"

"Ya tare hanya."

"Da sandunan duka?"

"Su ma. Masu ƙera jirgin nan ba su taɓa tunanin jin daɗin fasinja ba."

Otto ya sosa ƙeya. "To, wannan ma wata dabara ce."

Lorna ta fito da kofi. Mace ce 'yar siririya mara yawan magana, wadda zama da Elmer ya ƙara wa shiru. Ta dubi kujerarta an ɗaure ta da ƙusoshi, ta dubi guntayen katako a ƙasa.

"Elmer, ka san amfanin wannan da ka yanke?"

"Ado ne."

"Ni a ina zan tuƙa?"

"Ba za ki tuƙa ba. Zama za ki yi ki sha iska, Otto yana kallo."

Ta ajiye masa kofin ta koma ciki. Elmer ya ɗauki shirun a matsayin godiya, kamar yadda ya saba.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa bakin ruwa da awa guda, amma lodi ya cinye awar. Ya sa kula biyu, da tanti, da murhun gas, da angar tsayar da jirgi, da laima, da akwatin spana. Da jama'a suka iso, jirage ashirin da wani abu, suka tarar da Lorna a kan kujera ta yi tsororo a sama, riƙe da bokitinta a cinya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Gefunan jirgin kuwa, da yake ba sandar da ke riƙe su, sun fara buɗewa a hankali saboda nauyi.

"Fasto, matsa da ɗan kwanonka," in ji Elmer, ya danna ƙaho. Agwagin tafkin suka tashi gaba ɗaya.

Ya ɗaga dogon filafilin ya tsoma. Jirgin ya juya hagu. Ya sake tsomawa da ƙarfi, ya ƙara juyawa hagu. Ya ɗago don ya sauya hannu, bakin filafilin ya kwashe hular Fasto ya jefa ta ruwa. Sau uku jirgin yana zagayowa yana gaishe da mutanen da ke bakin gaɓa.

"Yana duba sitiyari ne," Otto ya yi wa jama'a bayani.

"Igiyar ruwa ce!" in ji Elmer. Tafkin kuwa lumui yake, ko ganye ba ya motsi.

A zagaye na huɗu Lorna ta cire murfin bokitinta, ta sunkuya ta gefen kujera, ta tsoma shi a ruwa ta ɗan karkata. Jirgin ya miƙe sak. Elmer bai gani ba, don bayan kujerar ya tare masa komai, maduban kuma gaɓa suke nuna masa.

"Kin gani?" ya ce. "Hannu ne kawai. Minti goma ya ishe ni."

"Na gani," in ji Lorna, hannunta cikin ruwa har gwiwa.

Haka suka haye Tafkin Gari, shi yana facal-facal yana ba da labarin Chicago, ita tana tuƙi da murfin bokiti. Sauran jiragen suka biyo a baya nesa-nesa. Elmer ya ɗauka gudunsa ne suka kasa, alhali tsoron filafilin suke yi.

Masaukar da ke bakin hanyar daji jirgi ɗaya take ci. Dokar wurin, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sha ta a nono, ita ce ka sauka, ka kwashe kayanka, ka kifa jirginka a kafaɗa, ka ba na baya wuri. Elmer ya sauka ya fara sauke kaya. Sai da ya tara tudu guda a bakin ruwa, jama'a suna shawagi a bayansa suna korar sauro, sannan ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama gefen jirgin ya ɗaga. Jirgin bai san ana yi ba.

"Ƙasar nan tana riƙe abu," in ji shi.

Otto da Fasto da wasu mutum biyu suka shigo ruwa har cinya, suka kifa masa jirgin, suka ɗaga gaban. Elmer ya sunkuya ya shiga ƙarƙashi yana laluben inda zai sa kafaɗa. Inda ake sa kafaɗar kuwa yana can gida a kwandon shara. Abin da ya tarar a wurin kujerar falo ce a rataye, ƙafafunta a sama. Ya cusa kansa cikin katifarta, ya rungume hannuwanta.

"Ku saki," muryarsa ta fito daga ciki.

"Kana gani kuwa?" in ji Fasto.

"Ina da madubi."

Suka saki. A faɗi gaskiya, bai faɗi ba. Ya fara tafiya, bayan jirgin yana jan ƙasa yana kwasar duwatsu, madubin yana nuna masa sarai inda ya baro. Jama'a suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kifa jirginsa, aka jeru a bayansa ana tafiyar jana'iza. Ta farko a layin ita ce Selma, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, ɗauke da jirginta ita kaɗai.

Taku arba'in daga ruwa hanyar takan ratsa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu. Dama gangare ne, hagu fadama ce mai haɗiye takalmi. Jirgin mafarauta ya sha wucewa ta nan a zamaninsa, lokacin yana da sandunansa. Yanzu da ya buɗe ya ƙara faɗi, sai ya shiga rabi ya tsaya cak. Elmer ya ɗauka tudu ne, ya tattara ƙarfinsa ya danna gaba, ya ƙara cusa shi. Dutse ya danne maɓallin ƙaho, ƙahon ya kama kuka bai fasa ba.

"Wa ke min hon?" Elmer ya yi ihu daga ciki. "Ku yi haƙuri mana, ba ku ga babbar mota ba?"

Lorna ta ratso ta gefe ta fizge wayar batir. Shiru ya dawo, sai kukan sauro.

Aka tura, bai motsa ba. Aka ja, bai motsa ba. Elmer yana ciki yana ba da umarni, a yi hagu, a yi ribas, a sa masa dutse a taya. Rana ta ɗaga. Wani da ya hau kan dutse ya ce ya hango jiragen mutanen garin ƙetare sun doshi tsibirin ta ɗaya gefen, da bokitai manya-manya. Mutum ashirin da wani abu suna tsaye, jirage a kafaɗa, gumi yana bin bayansu.

"Elmer," in ji Selma daga ƙarƙashin jirginta, "ba don in takura maka ba, amma kana ganin za ka gama yau?"

"Baba Selma, aikin gwani ba ya son gaggawa."

"Ina itacen kafaɗar jirgin nan?"

"Na cire. Ba shi da amfani."

Selma ta sauke jirginta a hankali ta jingina shi da itace. Ta gyara gilashinta. Kowa ya jira ta ce wannan ma wata dabara ce.

"Elmer Kangas," in ji ta, "kai sakarai ne."

Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin irin wannan a bainar jama'a ba. Wata mata ta dafe ƙirji. Fasto ya kai hannu zai cire hula, ya tuna tana tafki.

Daga ƙarshe igiyar angar aka ɗaura a bayan jirgin, maza takwas suka kama suka ja. Aka ji ƙara, katako ya tsage tun daga hanci har wutsiya, jirgin ya baje a ƙasa kamar kifin da aka fafe za a shanya. A tsakiya ga Elmer zaune dirshan, katifar kujera a kansa. Aka janye tarkacen gefe, layi ya fara wucewa. Duk wanda ya zo daidai shi sai ya ce, "Sannu, Elmer," ya wuce. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Otto ya kai jirginsa Tafkin Sama ya dawo. Ya tsaya, filafili a hammata, yana murza hularsa.

"Lorna, wurinki yana nan. In mun hanzarta za mu sami na gefen arewa."

Elmer ya cire katifar daga kansa.  Kunya ta rufe shi, ga kuma baƙin ciki, don ya san abin da ya yi rantsuwa a kai ya kuɓuce a gaban kowa.

"Ki je," ya ce a hankali. "Kada ki rasa saboda ni. Ni zan tsaya in tsare kaya."

Lorna ta dube shi, ta dubi Otto.

"Otto, ara min jirginka. Kai ka tsare kayan."

"Ni? To wa zai zauna miki a gaba?"

"Ga shi nan a ƙasa."

Ta karɓi gajeren filafilin da ke hannun Otto ta miƙa wa mijinta, ta ja shi suka bi hanya har bakin Tafkin Sama. Elmer ya nufi kujerar baya, wurin mai tuƙi. Ta riƙe masa riga.

"Nan wurina ne. Tun ina 'yar shekara tara nake zama a nan."

"Ke ce ke tuƙawa? Ba Otto ba?"

"Otto ko kwano ba zai iya miƙar da shi ba. Kowa a garin nan ya sani, kai ne ba ka taɓa tambaya ba." Ta ɗaure masa igiyar rigar ruwansa, ta ja da ƙarfi har ya yi tari. "Shekara talatin da ɗaya ina kallon ƙeyar Otto daga nan har tsibiri, Elmer. Ba ita ce ƙeyar da na aura ba. Shiga gaba ka zauna, kada ka waiwayo."

Ya shiga ya zauna. Jirgin ya zame kan ruwa shiru, ya miƙe ya bi sahun sauran. Elmer ya riƙe ɗan filafilin da hannu biyu, idonsa yana yaji, ya ce sauro ne. Da suka yi nisa ya sake buɗe baki, wannan karon tambaya ce ta fito.

"Lorna, ta wane gefe zan tsoma?"

"Duk inda ka so," in ji ta. "Ina bayanka, zan gyara."